Zazzaɓin Kwamfutata

Jama'a ku gyara zama, amma don Allah na kusa da ƙofa ya tura ta, kar Kakata ta ji an bar ta a buɗe. Yau zan ba ku labarin yadda saura ƙiris kwamfuta ta aurar da ni. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi. Amma a makon jiya kuka na sha a banɗaki, na saki famfo don kar a ji.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Lenka, shekaruna ashirin da bakwai. A birnin Nish nake, hawa na huɗu a wani bene da liftarsa ke aiki ranar da ta ga dama. Mu uku ne a gidan: ni, da Mamata, da mahaifiyarta Kaka Zagorka. Sana'ata koyar da Jamusanci ta kwamfuta, kuma yawancin ɗalibaina ma'aikatan jinya ne masu haɗa kayan tafiya Jamus. Wato ni ce mai koya wa mutane yadda za su tafi, ni kuwa ina nan daram a ɗakin da na koyi rarrafe. Mama ba ta gajiya da tuna mini wannan.

Kwamfutar cinyata shekararta bakwai. Harafi biyu sun goge, murfinta ya tsage a gefe, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba sai bana. Tun watan Yuni ta kama zazzaɓi. Da na kunna ta sai ta fara gurnani, gefen hagu ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa, minti ashirin da biyar cif fuska ta yi baƙi ƙirin. Darasi kuwa awa guda ne.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na ɗora ta a kan kwalin ƙwai. Na ɗora ta a kan littattafai huɗu. Ranar da abin ya ishe ni na ciro ledar wake daga firiza na sa a cinyata, na aza ta a kai. Sai ga Kaka a bakin ƙofa da kwarashinta a hannu.

"Ke! Ƙanƙara a cinya? So kike ki mutu ba ki haihu ba?"

"Kaka, kwamfutar ce ke zafi."

"To ita za ta haifa miki 'ya'yan? Ba ni nan, ja'ira."

Ta fizge waken ta tafi da shi. Da na ce to bari in buɗe taga da ƙofa iska ta ɗan ratsa, sai ta dawo da gudu, mace mai shekara tamanin da ɗaya, ta dafe ƙirji tana alamar gicciye. Kun dai san promaya. Taga a buɗe, ƙofa a buɗe, iska ta bi ta tsakani ta same ka, shi ke nan ka gama yawo. A wurin Kaka promaya ce ta karkatar da bakin maƙwabcinmu na hawa na biyu, ita ta kurmantar da limamin cocinmu, ita kuma ta kashe Kakana namiji, duk da likita ya rantse taba ce. A gidanmu ko gari zai narke taga ɗaya ake buɗewa, ita ma rabi.

Tun watan Mayu da na yi subutar baki na ce wuyan hannuna na hagu yana ciwo ban sake hutawa ba. Ta saƙa mini abin ɗaurawa da koren ulu, irin wanda take mana safar sanyi da shi. Kaka ba ta zama hannu sake. Talabijin yana da kyallen saƙa a kansa, firij yana da nasa, rediyo yana da nasa, har ɗan akwatin intanet ta yi wa hula. Kullum da safe in na fita sayen burodi sai ta shiga ɗakina goge ƙura, ni kuma ina ta sa mata albarka. Ku riƙe wannan a ranku.

Ranar Talata ina tsakiyar koya wa mutum shida yadda ake tambayar majinyaci inda ke masa ciwo, kwamfuta ta ɗauke ɗif. Kafin ta huce in koma, huɗu sun fita. Da yamma saƙon shugabar makarantarmu ya shigo:

"Lenka, karo na biyar ke nan. In ba a samu gyara zuwa Litinin ba, dole mu raba ɗalibanki ga sauran malamai. Ki yi haƙuri, ba a son raina ba."

Kuskuren da na yi shi ne a gaban Mama na karanta. Nan take ta ɗauki wayarta ta fita baranda. Minti goma ba a yi ba tawa ta yi ƙara. Predrag.

Bari in gabatar muku da shi. Ɗan Anti Milanka ne, ƙawar Mama tun suna 'yan mata. Shekararsa goma a Stuttgart yana kula da manyan motocin wani kamfani, duk watan Agusta yake zuwa hutu da mota mai lambar Jamus, ya ajiye ta inda duk unguwa za ta gani. Wallahi ba mugu ba ne. Yana da tsabta, yana gaida manya, ba ya ɗaga murya. Aibinsa ɗaya, ba ya iya buɗe baki bai fara da "a Jamus" ba. A Jamus ba a makara. A Jamus shara kala biyar ce. Sau uku muka sha gahawa tare, sau uku ina dawowa gida da jin kamar an duba mini jarrabawa na faɗi.

Hoto ya turo, wani farin kwali a kujerar motarsa, ya ɗaura masa bel.

"Na ji labarin tsohuwarki. Kar ki wahalar da kanki, ba a gyaran kwamfuta mai shekara bakwai. A Jamus zubarwa ake. Ga sabuwa na saya miki, zan kawo Lahadi in mun zo da Mama."

Na daɗe ina kallon kwalin nan, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, yawuna ya tsinke. Ina son ta. Amma ni 'yar gidan nan ce, na san yadda ake karanta irin wannan. Namiji ya zo ranar Lahadi da uwarsa, ya ajiye kwali a tebur, ki sa hannu ki karɓa a gaban iyaye mata biyu, to ba kwamfuta kika karɓa ba. Kafin su sauka bene an fara lissafin baƙin biki.

"Mama, me kika gaya wa Anti Milanka?"

"Gaskiya na gaya mata. Laifi ne?"

"Kin san abin da karɓar nan ke nufi."

"Kwamfuta ce fa, Lenka. Na ce miki zobe ne?"

"To me ya sa da uwarsa zai kawo?"

Ta ajiye wuƙar da take yanka tumatir da ita ta juyo. "Saurara mini. Aikin nan da kike taƙama da shi, Litinin zai tafi. In ya tafi me zai riƙe ki a nan? Ni? Ni so nake ki tafi inda ake rayuwa. Yaro mai hankali, mai aiki, yana sonki. Jamusancin ma kin fi shi iyawa."

Na juya wajen Kaka. Tana kujerarta ta kusa da rediyo, kwarashi yana shiga yana fita, ba ta ɗago ba. Ɗanta namiji ɗaya, Kawu Radoye, ya ce mata shekara biyu zai yi a Jamus ya dawo. Bana shekara talatin da ɗaya ke nan. Duk lokacin da aka ambaci Predrag abin da Kaka ke cewa bai wuce "uhm" ba, kuma har ranar ban san ko uhm ɗin na yarda ba ne ko na ƙi.

Ranar Juma'a na saka kwamfutar a jaka na fita. Na fara shiga babban kantin da ke kan titin masu tafiya a ƙasa. Mai sayarwar ko taɓa ta bai yi ba, ya yi mata kallon da ake wa takalmin da ya ɓule, ya nuna mini sababbi a jere. Na leƙa farashin ɗaya, na gode masa, na fito da sauri kafin jiri ya kwashe ni.

A bayan kasuwar kayan miya akwai wani ɗan shago da na sha wucewa, tsakanin mai yanka makulli da mai gyaran takalmi. Ƙofa a buɗe, tagar baya a buɗe, iska tana ta kaɗa takardun da aka liƙa a bango. Da Kaka ta gani da a nan za ta sume. Mai shagon siriri ne, zai yi shekara talatin, da tabarau da wata riga mai gajeren hannu da wanki ya cinye launinta. Sunansa Urosh, a jikin ƙofa na karanta.

"Sannu da aiki. Tambaya ɗaya na zo yi, kuma gaskiya nake so. In gyara ta ko in zubar?"

"Sannu. Ko likita ai sai ya ga majinyaci. Me ke damunta?"

"Zazzaɓi. Minti ashirin da biyar ta sume."

"A kan bargo kike ɗora ta?"

"A'a."

"Kuna da kyanwa?"

"Babu."

"Taba fa?"

"Na yi maka kama da mai shan taba?"

"Kin yi mini kama da malamar makaranta, su kuwa ba a shaidarsu." Bai ko yi murmushi ba, ni ce na yi, ba da son raina ba.

Ya kunna ta, ya bari ta fara gurnaninta, ya kara tafin hannunsa a gefen hagu inda ƙananan ramukan iska suke. Ya karkata kai. Ya sake karawa.

"Fanka tana ta ihu, amma ko numfashi ba ya fita. Malama, shaƙe ta aka yi."

Ya kashe, ya kifa ta, ya kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana jera su a murfin kwalba. Da ya ɗaga marfin sai ya ƙura wa cikinta ido. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ɗauko hantsaki ya zura, ya fara jawo wani abu a hankali. Ya fito. Ya ci gaba da fitowa. Kore shar.

Na kalli abin da ke bakin hantsakin, na kalli abin da ke ɗaure a wuyan hannuna na hagu. Shi ma ya kalla.

"Na ga ƙura a cikin kwamfuta," in ji shi. "Na ga gashin kare, na ga ɓurɓushin burodi, na taɓa ciro kyankyaso da iyalinsa. Amma wannan tura shi aka yi a tsanake, rami bayan rami, ba a tsallake ko ɗaya ba. Wanda ya yi aikin nan ya iya hannunsa." Ya ɗago. "Kuna da kaka a gida?"

Wayyo ni Lenka. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na rufe fuska da jakata, shi kuwa dariyar da yake ta dannewa ta ƙwace masa, har ya dafa tebur.

"Kar ki ji kunya, don Allah. Tawa kakar safa ta cusa a ramukan sanyin motar babana, muka tafi bakin teku muna gasuwa awa tara. Makanike uku suka duba ba su gano ba."

"Yanzu dai gaya mini. Za ta rayu?"

Sai ya bar dariya. Abin da ya burge ni ke nan, bai yi mini daɗin baki ba. "Ta tsufa. Batirinta ya gaji, nan gaba sai an sake shi. In na ce miki za ta ƙara shekara biyar na yi ƙarya. Amma biyu za ta yi miki lafiya lau, in aka bar ta ta yi numfashi. Mai kuɗi a hannu ya sayi sabuwa, ba laifi. Amma wannan ba ta kai zubarwa ba."

Ya share fankar da ɗan buroshi, ya goge busasshen man da ke sanyaya cikinta ya shafa sabo, ya mayar da ƙusoshin. Ya ce ba zai sallame ni ba sai ta yi awa guda a gabansa tana aiki. Ya kunna mata bidiyo uku a lokaci ɗaya, ya dafa mana gahawa a ɗan risho. Na zauna a kan wani tsohon akwatin talabijin, iska tana kaɗa mini gashi, ina ta satar kallon agogo. Minti ashirin da biyar suka wuce. Arba'in. Ya tambaye ni me nake koyarwa, na gaya masa.

"Ke ma tafiya za ki yi ke nan?"

"Ban sani ba," na ce, kuma a lokacin gaskiya na faɗa. "Kai fa, ba ka taɓa sha'awa ba?"

"Na je. Wata takwas na yi. Duk abin da ya lalace a can sabo suke saye, na rasa abin da zan taɓa, na dawo."

Awa ɗaya da minti goma tana aiki, gefenta da ɗan ɗumi kawai, iska tana fita tana shafar hannuna. Ya tattara ulun a 'yar leda ya miƙo mini tare da katin shagon. "Ki mayar wa mai shi. In ta sake zazzaɓi ga lambata nan."

Na iso gida Mama ta tafi gyaran gashi saboda Lahadi. Na ajiye ledar a cinyar Kaka. Ta duba, ta ɗago, ko gezau.

"Wa ya cire?"

"Au, tambaya ma kike? Kaka, me ya kai ulunki cikin kwamfutata?"

"Iska ce ke fita ta gefen nan, kai tsaye kan hannunki! Da tafina na ji. Awa shida kullum tana busa miki, ki ce hannu ba zai yi ciwo ba? Da na toshe ba ki daina kuka da shi ba?"

"Iskar ɗumi ce fa!"

"Promaya ba ruwanta da ɗumi. Kakanku ma a watan Yuli ta same shi."

Nan fa raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci bakina ba shi da birki. "Kin san abin da ulunki ya jawo? Wata uku tana mutuwa a tsakiyar darasi. Saura kwana uku a kore ni. Saboda ulunki jibi Predrag zai kawo kwali, in na karɓa in bi shi Jamus, ki zauna nan kina saƙa mini safa kina aikawa a bas kamar na Kawu Radoye!"

Kwarashin ya tsaya. Tunda nake ban taɓa ganin hannun Kaka ya tsaya haka ba. Ta kalli ledar, ta kalle ni, bakinta ya ɗan motsa.

"Ni na jawo?"

Nan take na yi nadama. Na durƙusa na ce ba haka nake nufi ba, an ma gyara, komai ya wuce. Ta cusa ledar a aljihun rigarta ta tashi ta shige ɗaki, ranar ko abincin yamma ba ta ci ba.

Na ɗauka tunda an gyara magana ta ƙare. Ina! Mama cewa ta yi gyararriya ko ba gyararriya ba, ba a mayar da hannun kyauta, kuma ta riga ta sayi cukun gibanica, gurasar cuku da muke gasa wa baƙi. Na tura wa Predrag saƙo: "An gyara ta, tana aiki. Don Allah kar ka ɗauko kwalin." Ya turo fuskar dariya guda uku. "Gyaran bayan kasuwa? Sati biyu na ba ta. Sai Lahadi."

Lahadi da rana tsaka suka iso, gari kamar tanda. Mama ta sa ni saka shuɗiyar rigata mai ɗigon fari, wadda take cewa tana sa ni kama da 'yar mutunci. Anti Milanka ta sha kwalliya da sarƙar zinariya biyu. Predrag cikin farar riga mai dogon hannu, turarensa ya riga shi hawa bene. Na fito da tire, slatkon ceri, wato 'ya'yan ceri da Kaka ta dafa bara cikin sukari, da cokula da kofunan ruwa. Kowa ya ɗebi cokalinsa ɗaya ya kora da ruwa yadda aka saba, ban da Anti Milanka da ta koma sau biyu. Tagogi duk a rufe, gumi yana bin bayan kowa, farin kwali yana zaune a tsakiyar tebur a kan kyallen saƙar Kaka.

Aka yi hirar zafi, aka yi hirar tsadar barkono, aka ji yadda ake raba shara a Jamus. Sai Predrag ya turo kwalin gabana da yatsu biyu.

"Buɗe ki gani."

Idanu shida a kaina, Kaka ce kawai ke kallon ƙasa. Na ɓoye hannuwana a ƙarƙashin tebur don kar su ci amanata.

"Na gode, Predrag, har cikin raina. Amma tawa ta warke. Ba zan karɓa ba."

Mama ta taka mini ƙafa, ta saki wata dariya da ba tata ba. "Wasa take yi. Kunya ce, kun san ta."

"Ai kunya ado ce ga 'ya mace," in ji Anti Milanka, ta gyara zama ta jawo farantin gibanica. "Ba gaggawa muke ba, 'yata. Muna nan har yamma, ki huce ki buɗe abinki."

Har yamma! Jama'a, na san kaina. Sau ɗaya nake iya cewa a'a, na biyu muryata rawa take, na uku kuka nake fashewa da shi in ce to. Mama ma ta san haka, shi ya sa ta tashi ɗora wata gahawar.

Sai Kaka ta miƙe. Ta shiga ɗaki. Ta fito da rigar sanyi ta ulu ta saka maɓallai har wuya, ta ɗaure kai da ɗankwali biyu, ta toshe kunnuwa da auduga. Ta taka a hankali zuwa ƙofar baranda, ta yi alamar gicciye, ta wangale ta. Ta ratsa falo ta shiga kicin, muka ji tagar can ta buɗe. Ta dawo ta buɗe ƙofar gida har bango, ta sa takalmi ta tokare.

Iska ta shigo kamar dama a bakin ƙofa take jira. Labule ya tashi sama, hular akwatin intanet ta faɗo, takardun goge baki suka watse a ƙasa.

"Zagorka!" Anti Milanka ta dafe ƙeya da hannu biyu. "Promaya! Kashe mu za ki yi?"

"Iya, lafiyarki kuwa?" in ji Mama daga ƙofar kicin, butar gahawa a hannu.

Kaka ta koma kujerarta, a tsakiyar hanyar iskar, ta ɗauki kwarashi.

"Zafi nake ji," ta ce.

Shi kuwa Predrag, da ya taɓa yi mini bayanin minti ashirin a kan yadda a Jamus ake buɗe tagogi sau uku a rana, sai ga shi ya ɗaga kwalar riga ya rufe kunnen dama da tafi. Shekara goma a Stuttgart ba su cire masa tsoron ba. Ba a yi minti uku ba Anti Milanka ta rataya jaka, wai wuyanta ya fara riƙewa. A bakin ƙofa ya tsaya da kwalinsa a hammata, ya rage murya.

"Lenka, da gaske kike?"

"Da gaske nake. Ka yi haƙuri."

Ya jinjina kai. "To Allah ya sa tsohuwar ta riƙe ki." Ya sauka, kuma na ji tausayinsa, don bai cancanci a kore shi da iska ba.

Suna fita Kaka ta rufe komai da sauri, ta kwanta tana nishi, ta ce ba za ta kai Laraba ba, a kira Radoye. Mama ta shige ɗaki ta buga ƙofa. Na zauna a bakin gado ina shafa wa Kaka man zafi a wuya, hawaye yana zubo mini.

"Kaka, kin buɗe taga."

"Ba don ke na buɗe ba. Matar nan cokali uku ta ci mini na slatko. Uku!" Ta kamo wuyan hannuna ta riƙe gam. "In za ki tafi, ki tafi don kina so. Ba don uluna ba."

Na kifa kaina a kafaɗarta. Can ta ɗan muskuta.

"Shi mai gyaran, da ya ga aikina me ya ce?"

"Cewa ya yi wanda ya yi shi ya iya hannunsa."

"Uhm," in ji Kaka. Wannan karon na gane irin uhm ɗin. "Yana da mata?"

"Kaka! Ina zan sani?"

Litinin na yi darasi awa guda cur, ba wanda ya fita. Talata Mama ta fara amsa gaisuwata da hanci. Laraba ta zo Kaka ba ta mutu ba, ƙwai biyu ma ta ci. Na dawo daga sayen burodi na shiga ɗaki, sai na hango wani abu yana reto a gefen hagu na kwamfutata. Zaren ulu ne, a rami ɗaya tak, an bar jelarsa a waje tsawon yatsa yadda ko makaho zai lalubo.

Na juya. Kaka tana bakin ƙofa, shuɗiyar rigata a goge a hannu ɗaya, kwalbar ajvar, miyar gasasshen barkononta, a ɗaya hannun.

"Ayya, ta sake zazzaɓi ko? Sai ki kai wa mutumin nan ya duba. Ki ba shi wannan, ba a zuwa wurin mutum hannu sake. Kuma ki lura mini ko yana sa singileti a ciki, don ba zan ba da jikata ga mai barin promaya ta bugi ƙodarsa ba."

Yatsu biyu kawai zan sa in zare abin nan, ko daƙiƙa ɗaya ba zai ɗauke ni ba. Ban zare ba. Na lalubo katin a jakata, na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na tura kalma biyu: "Ta sake."

Ban kai ga ajiye wayar ba amsa ta shigo.

"Kore ne, ko Kaka ta sauya launi? Ina shago. Na rufe taga."